Kifin Farkon Damina: A Bar Uwa Ta Zuba Ƙwanta

Duk wanda ya san ƙasar Jama'a, watau Kafanchan da kewayenta a kudancin Jihar Kaduna, ya san damina kan sauka can tun kafin ta isa Zariya ko Kano. Tun cikin watan Afrilu, sa'ad da mutanen Sakkwato da Katsina ke fama da zafin bazara, hadari ya riga ya fara haɗuwa a kan duwatsun Kagoro, ruwa kuma ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba. Da an sami ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, sai rafukan da ke gangarowa daga duwatsu su farka. A kewayen Gidan Waya, garin da Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna take, rafin da yaro ke tsallakewa da ƙafa a watan Fabrairu sai ya cika ya yi ja wur, ya malala cikin ciyayin fadama.

Manomi na murna da wannan ruwa domin shukar masara da dashen citta. To amma akwai wani abu da ke tahowa tare da shi wanda ba a cika maganarsa ba, shi ne kifi. A cikin waɗannan makonni ne manyan tarwada ke barin gurabun da suka yi rani a ciki, su bi sabon ruwa su hau, har su shiga inda ruwan bai kai gwiwa ba. Nan ne yara da manya ke tare su da kwando da sanda da adda, a komo gida da kifi mai nauyi ba tare da wata wahala ba. Idan uwargida ta yanka cikinsa, sai ta tarar da ƙwai danƙare, a soya a ci, a ce an yi sa'a.

Abin da wannan fili zai duba a wannan mako shi ne ko sa'ar ce da gaske. Gama manomin da ba zai taɓa yarda ya daka irin da ya ajiye don shuka ba, kome tsananin yunwa, shi ne kuma ke cinye irin kifi a daidai ranar da kifin ya fito shuka.

INDA KIFI KE HAIHUWA

Mutanen kudancin Kaduna manoma ne tun asali, su kuwa sana'ar gefe ce a wurinsu. Saboda haka wani zai ce ɗan abin da ake kamawa a rafin ƙauye bai taka kara ya karya ba. Sai dai wanda ya dubi taswira zai ga ba haka abin yake ba. Wannan yanki tushen ruwa ne. Rafukan da ke kudu da Kafanchan, da kuma wanda ke zubowa daga kan dutse a Matsirga, suna taruwa ne su shiga Kogin Mada, shi kuma ya ratsa Jihar Nasarawa ya faɗa Binuwai. Na yamma suna ciyar da Kogin Gurara, wanda aka datse aka yi madatsar da ke taimaka wa Abuja da ruwan sha. Na arewa kuma suna bin Kogin Kaduna. Ƙarshenta duk a Kwara suke haɗuwa. Ashe ke nan abin da aka yi wa ruwa a tudu, shi masuncin da ke cikin kwalekwale a gangare zai girba.

Kifayen ruwan ƙasar nan kusan duka da damina suke haihuwa, kuma kowane da irin dabararsa. Tarwada takan jira ruwa ya hau kan ciyawa, sa'an nan ta shiga da dare ta watsa ƙwanta, ya manne a jikin ganye. Babbar uwa guda takan zuba ƙwai dubbai barkatai, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. Karfasa takan ɗauki ƙwanta ta riƙe cikin bakinta, ba ci ba sha, har 'ya'yan su fito su yi ƙwari. Wanda ya kama ta a wannan hali, ya kama gida guda ne. A manyan koguna da tafkuna kuma, bargi kan share fili cikin ciyawa ya yi sheƙa kamar tsuntsu, yauni ma ya tara ciyawa ya yi tasa mai yawo a kan ruwa, yana gadi. Giwan ruwa, sarkin kifayen Kwara da Tafkin Chadi, matansa su ne suka fi girma, kuma babbar mace guda tana ɗauke da miliyoyin ƙwai.

Dalilin da ya sa duk suka zaɓi wannan lokaci a fili yake. Sabon ruwa kan kwaso taki da ruɓaɓɓen ganye daga tudu, ƙananan ƙwari su yawaita, ciyawar da ruwa ya rufe kuma ta zama maɓoyar 'ya'yan kifi daga manya masu cinsu. Makonnin farko na damina su ne shukar kifi, kaka kuma, sa'ad da ruwa ya fara janyewa, ita ce girbinsa.

WATA ƘASA, WATA GUDA

Domin a ga yadda wasu mutane suka ɗauki wannan al'amari, yana da kyau mai karatu ya waiwaya can ƙuryar arewacin duniya, zuwa Jihar Alaska ta Amurka, wadda ke bakin Tekun Pasifik. Ba a zaɓe ta don nisa ba, sai don a cikin watannin nan na Maris da Afrilu da Mayu, da ruwa ke farkawa a Gidan Waya, can ma ruwa ke farkawa. Hunturu na janye jiki, ƙanƙara na narkewa daga kan duwatsu, rana ta fara daɗewa, masunta kuma su fara fito da jiragensu.

Cikinsu akwai masu fita teku su kaɗai a wani ɗan jirgi da ake kira kayak. Siriri ne, tsawonsa bai cika wuce ƙafa 12 zuwa 14 ba, mutum guda yake ɗauka, yana zaune daf da ruwa yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen ƙasar ne na farko, Inuit da Yupik da Aleut, waɗanda suka yi dubban shekaru suna ɗinka shi da fatar dabbar ruwa a kan firam na itacen da teku ta kawo. Na yanzu da roba ake yi. In ban da siffa, ba shi da wani bambanci da ƙaramin kwalekwalen Basarke na Yawuri, ko ma goran da Bakabe ke kifa ciki a kai: mutum ɗaya ne, da abin hawa mara inji, da ruwa mai faɗi.

Kifi biyu suke nema. Na farko shi ne salmon, musamman babban cikinsu wanda suke yi wa laƙabi da sarki. Wannan kifi a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana kiwo, sa'an nan in lokacin haihuwa ya zo ya juyo ya nemi ainihin rafin da aka haife shi, ya hau, ya zuba ƙwai, ya mutu. Waɗanda ke bin Kogin Yukon har cikin Kanada sukan yi tafiyar fiye da kilomita 3,000 ba tare da sun ci kome ba. Mafi girman da aka taɓa kamawa da fatsa ya kai kilo 44, a Kogin Kenai, cikin Mayun 1985. Mai kayak yakan ja ƙugiyarsa a hankali a bayan jirgi, da ɗan ƙaramin kifi a matsayin koto, yana bin gaɓar teku inda salmon ke kiwo kafin ya shiga kogi. A garin Homer har gasa ake yi ta kamun wannan kifi a ƙarshen hunturu.

Na biyu shi ne halibut, kifi mai faɗi kamar faifai, wanda ke kwance a ƙasan teku. Abin mamaki game da shi, da ido ɗaya a kowane gefe ake ƙyanƙyashe shi kamar sauran kifaye, amma yana 'yan watanni sai ido guda ya zagayo ya haɗu da ɗan'uwansa a gefe ɗaya, kifin ya kwanta a kan ɗayan gefen har iyakar ransa. Da hunturu yakan gangara ruwa mai zurfi ya haihu, in sanyi ya ragu ya komo kusa da gaɓa. Wanda aka kama a 1996 kusa da Unalaska ya kai kilo 208, watau nauyin ƙarti uku. Shi ma, kamar giwan ruwa, manyan duk mata ne. Mace ba ta fara haihuwa sai ta yi wajen shekara 12, babba kuma takan zuba ƙwai har miliyan 4.

Kama irin wannan kifi daga cikin ɗan jirgi ba wasa ba ne. Yakan ja mai kayak ya yi ta yawo da shi a kan ruwa kafin ya gaji. Ba a kuma jawo shi cikin jirgi da ransa, gama bugu ɗaya da wutsiya ya isa ya kifar da mutum. Sai a soke shi da mashi mai igiya da abin da ke tasowa a kan ruwa, a sake shi ya gaji, daidai da yadda Sarkawa ke yi da zago. Ruwan kuwa a wannan lokaci sanyinsa na kusa da na ƙanƙara, wanda ya faɗa ciki ba da shiri ba, cikin 'yan mintoci hannuwansa za su daina aiki. Don haka mai hankali a cikinsu ba ya fita sai da rigar da ruwa ba ya ratsawa, da rigar hana nutsewa, da rediyon kiran taimako, sai kuma ya duba lokacin hawa da saukar teku. Sun san ruwa ba sa'an kwando ba ne.

DOKAR DA WAHALA TA HAIFA

To amma abin koyi a wurin mutanen nan ba jarumtaka ba ce, gama masuntan Kabi da Chadi ba su gaza su ƙarfin hali ba. Abin koyi shi ne takardar da ke cikin aljihun mai kayak. Ba ya jefa ƙugiya sai da lasin, in kuwa sarkin salmon yake nema sai ya ƙara sayen wani hatimi na musamman. A wasu wurare an ƙayyade masa yawan da zai kama a shekara, kuma da ya kama guda dole ya rubuta a takardarsa nan take. Shi halibut, bisa dokar da aka yi aiki da ita a 2024, wanda ya fita da jirgin kansa ba ya wuce guda biyu a yini, watan Janairu kuwa a rufe yake ɗungum.

Ba haka kawai suka wayi gari da wannan tsari ba, wuya ce ta koya musu. A farkon ƙarni na 20, bayan jirgin ƙasa da ƙanƙarar ajiya sun buɗe kasuwar manyan birane, an yi wa halibut kamun da ya sa ya fara ƙaranci. Sai Amurka da Kanada suka sa hannu kan wata yarjejeniya a 1923, suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kula da wannan kifi, wadda har yau tana aiki. Matakin farko da suka ɗauka shi ne rufe kamun na wata uku a cikin hunturu, watau daidai lokacin da kifin ke haihuwa.

Na salmon ma haka ya faru. Kamfanonin sa kifi a gwangwani sun kakkafa manyan tarkuna a hanyar da kifin ke bi zuwa bakin koguna, suna tare shi kafin ya kai inda zai zuba ƙwai. Kifi ya ragu ƙwarai, har a 1953 Shugaba Eisenhower ya ayyana yankin a matsayin wanda bala'i ya afka wa. Da Alaska ta zama jiha a 1959, sai ta haramta waɗannan tarkuna, ta kuma rubuta cikin tsarin mulkinta cewa za a ci amfanin kifi da daji ne ta yadda ba za su ƙare ba. Tun daga nan ƙa'idar ita ce, a fara ƙirga iyayen da suka wuce zuwa wurin haihuwa, in sun kai adadin da ake bukata sa'an nan a ba masunta dama. In ba su kai ba, ma'aikacin da ke wurin yana da ikon rufe kogin nan take, ba sai ya jira umarni daga hedkwata ba.

Duk da haka ba su tsira gaba ɗaya ba. Sarkin salmon ya yi ta raguwa a shekarun baya-bayan nan, har a 2024 Alaska da Kanada suka amince a dakatar da kama shi a Kogin Yukon na shekara bakwai, watau tsawon rayuwar kifin daga ƙwai zuwa ƙwai. Idan masu ƙirga kifinsu ɗaya bayan ɗaya sun shiga wannan hali, to ina ga waɗanda ba su ƙirga kome? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

BA BAƘON ABU BA NE

Kada a ɗauka hutar da ruwa dabarar Turawa ce. Ko a can Alaska, ƙabilar Tlingit sun riga hukuma sanin haka, gama ƙugiyar itace da suke sassaƙawa don halibut an auna bakinta ne ta yadda ƙaramin kifi ba zai iya haɗiye ta ba, babbar uwa kuma ba ta cika maƙalewa ba, sai matsakaici.

A ƙasar Hausa ma kakanni sun san wannan. Misali mafi shahara shi ne Argungu. Bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi su don girmama baƙo da tabbatar da zumunci bayan tsohuwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Masu kallo sukan ga dubban mutane sun ruga Matan Fada da homa da gora, su ga an fito da giwan ruwa mai kilo 75 kamar yadda aka yi a 2005, ko mai kilo 78 kamar na 2020. Abin da ba su gani shi ne watannin da ruwan ya yi a rufe, ba mai taɓa shi, Sarkin Ruwa na tsaronsa. Ba ranar biki ke yin babban kifi ba, hanin da ya gabace ta ne. Haka kuma ba da farkon damina ake yin bikin ba, da rani ake yi, bayan kifi ya haihu ya girma. A Ibi ta Jihar Taraba ma, irin wannan hani ne ya raya Tafkin Nwonyo da bikinsa.

A da, ko'ina aka sami gurbi mai kifi akwai mai shi, ko Sarkin Ruwa, ko dagaci, ko dattawan gari, su ke faɗin ranar da za a shiga da ranar da za a fita. Kayan aikin ma da kansu suna da iyaka. Homa da birgi da gura da mamari, duk na zaren hannu ne ko na kaba, saƙarsu na cin lokaci, idonsu kuma na barin ƙananan kifi su wuce.

ABIN DA YA ƁACI

Abubuwa uku suka rushe wannan tsari. Na farko zuwan zaren roba mai araha, wanda ya sa kowa na iya mallakar kalli mai ƙananan idanu, har ta kai wasu na ɗinka gidan sauron da aka raba don yaƙi da zazzaɓi suna jan ruwa da shi, su kwashe kifin da bai kai ɗan yatsa ba. A Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama madatsar a 1968, tarun nan da ake kira dala ya yi irin wannan ɓarna, har aka kai ga haramta shi a ƙarshen shekarun 1990.

Na biyu guba. Tun da can akwai masu daka majimfa su zuba a gurbi kifi ya bugu ya taso. Wannan ma ɓarna ce, amma ba ta kai ta maganin ƙwari irin su gamalin ba, wanda ke kashe uwa da ɗa da ƙwai da kwaɗo da ƙwarin da kifi ke ci, sa'an nan ya bi ruwa zuwa garin da ke gaba, inda mata ke ɗiba da shanu ke sha. Sinadarin da ke cikin gamalin na cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da su a 2009, ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm. Kifin da aka kashe da shi kuwa ba a rubuta masa alama a goshi in ya isa kasuwa.

Na uku raunin masu tsaro. Ikon Sarkin Ruwa ya ragu, na ma'aikacin gwamnati kuma bai cike gurbinsa ba. Alhali kuwa doka tana nan. Dokar Kamun Kifi a Ruwan Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta haramta su da guba da nakiya da lantarki, ta hana amfani da tarun da idonsa bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, in ban da wasu keɓaɓɓun taruna, ta kuma ba da ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci. Bugu da ƙari, Tsarin Mulkin 1999 ya ba Gwamnatin Tarayya kifin teku ne, na koguna da tafkuna da kududdufai kuwa ya bar wa jihohi. Watau maganar rafukan Jama'a da Sanga da Kachia ba sai an je Abuja ba, a Kaduna take.

Sakamakon wannan sakaci ana ganinsa a kowace kasuwa. Alƙaluman da jami'an Gwamnatin Tarayya suka sha bayarwa a farkon shekarun 2020 sun nuna ƙasar nan na bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce miliyan 1.2 ba. Giɓin da kifin ƙanƙara da busasshen kifin Norway ake rage shi, da kuɗin waje. Abin takaici ne a ce garin da rafuka suka kewaye, miyarsa ta dogara ga kifin da ya ƙetaro teku cikin kwali.

TALAKA FA?

Akwai mai cewa, wanda ya ƙoshi ne ke wa'azin a bar kifi. Farkon damina shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai zo ba, kuɗin taki da na makaranta sun taso. Mai kayak na Alaska nishaɗi ya fito yi, in ya saki kifi ba zai kwana da yunwa ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk dokar da ta yi watsi da ita ba za ta yi ƙarko ba.

Ghana ta gwada ta gani. A 2019 ta rufe wa masu kwalekwalen teku su na wata guda, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, daga baya aka mai da hutun watan Yuli. Masunta sun yi ta kukan rashin abin sawa a baka, gwamnati ta riƙa raba shinkafa da mai, a 2025 kuma aka tsame masu kwalekwale daga cikin hanin. Darasin shi ne, hanin da aka ɗora wa mutane daga sama ba tare da yardarsu ba, ba ya daɗewa.

To amma a kudancin Kaduna al'amarin ya fi sauƙi. Mafi yawan masu kama kifin farkon damina ba da shi suka dogara ba, kuma makonnin da ake so su ƙyale ruwa su ne ainihin makonnin da gona ke nemansu. Ba cewa ake a daina cin kifi ba, cewa ake a jinkirta. Tarwadar da aka bari a Mayu ita ce za ta cika gurbi da 'ya'ya a Nuwamba.

ABIN YI

Da farko, ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna ta zauna da sarakuna da hakimai da shugabannin masunta, a tsai da makonni shida zuwa takwas daga hawan ruwa na farko, a hana su a rafuka da fadamu. Kada a ɗaure abin da kwanan wata guda ga jiha duka, tun da ruwan Kafanchan ya riga na Zariya. Kowace masarauta ta yi shelar ranar rufewa da ta buɗewa bisa ga ruwanta.

Na biyu, a mai da wa Sarakunan Ruwa da dagatai ƙarfinsu, a rubuce, ta yadda in sun kama mai zuba guba kotu za ta saurare su. Ranar buɗe ruwa kuma a mai da ita ranar taron gari, gama mutane sun fi kiyaye abin da suke ɗokin ranarsa.

Na uku, a bi hanyar kasuwa. In mata masu suya da masu banda suka ƙi sayen kifi mai ƙwai da wanda bai kai tafin hannu ba, masu kamawa za su daina. Masu sayar da maganin ƙwari su ma a sa musu ido.

Na huɗu, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, mai yaye malaman da ke bazuwa ƙauyuka. Ɗalibanta na sashen kimiyya da aikin gona za su iya zama masu ƙirgar farko, su riƙa rubuta irin kifin da ake kamawa a rafukan kusa, da girmansa, da watan da yake ɗauke da ƙwai, tare da neman shawarar Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa da ke New Bussa. Malamin da ya yi wannan aiki da hannunsa, shi zai gaya wa yaran firamare dalilin da ya sa ba a dukan tarwada a cikin ciyawa.

Na ƙarshe, masu shiga kwalekwale a madatsar Gurara da gangaren Mada su ɗauki darasin rigar hana nutsewa. Iya iyo bai hana gwani halaka ba in taru ya naɗe masa ƙafa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar miliyoyin naira, shawara da riƙon alkawari kawai suke bukata. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: in ana so a hutar da ruwa a damina mai zuwa, tun da rani za a zauna a yanke magana. Allah Ya ba shugabanni ikon dubawa, Ya ba talakawa haƙurin jira, Ya sa albarka a ruwa da tudu. Amin.